Waƙar Kwaɗi Ba Wasan Yara Ba Ce

Jama'a, ƙara na kawo gabanku, ku da kuka koyi karatu da girmanku, gama ku ne kuka san tsadarsa. Mutum biyu na ke ƙara. Ɗaya dattijo ne, abokina tun muna samari. Ɗaya kuwa yaro ne, ɗan ƙanena, wanda ke karatun Ingilishi a wata babbar makaranta. Ba zan faɗi sunansu ba, don ba su kaɗai ke da wannan hali ba, mai yiwuwa ma wani daga cikinku ya ji kamar da shi a ke.

Ga yadda abin ya faru. Ran nan da la'asar muna zaune a zaure ni da abokin nan nawa, sai ga yaron ya zo hutu, ya gaishe mu, ya koma gefe ya duƙufa kan wayarsa yana motsa baki. Na ce masa, "Me ka ke haddacewa haka?" Ya ce, "Baffa, wata waƙa ce za a tambaye mu a jarrabawa." Na ce, "Waƙar mece ce?" Ya ce, "Ta wani yaro ce da kwaɗi." Abokina ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, "Ashe kuɗin makarantar da ubanka ke sayar da hatsi yana biya, na karatun kwaɗi ne? To, ka zo bayan gidana da damina, in koya maka kyauta." Yaro ya ji haushi, ya ce, "Ai ba kwaɗin ne manufa ba. Manufar waƙar ita ce gushewar ƙuruciya." Na ce, "Madalla. Karanto mana ita mu ji." Sai ya sunkuyar da kai, ya ce ai bai karanta ta ba tukuna, taƙaitawarta ya samu a intanet, ita ya ke haddacewa. Waƙar nan kuwa ɗango 33 ce kacal, ko shafi biyu ba ta cika ba.

To, ga laifin da na ke tuhumarsu da shi. Dattijo ya raina waƙar bai ji ta ba, yaro ya yabe ta bai karanta ba. A wurina duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai na yaron ya fi muni, don shi yana da mabuɗi a hannu ya ƙi buɗe ƙofa. Amma kafin ku yanke hukunci, bari in gaya muku wane ne mai waƙar, da abin da ke cikinta.

Yamma da Ingila akwai wani tsibiri da a ke kira Ayalan. A shekarar 1921 aka raba shi biyu, gundumomi shida na arewa suka zauna ƙarƙashin mulkin Ingila. A ɗaya daga cikin gundumomin nan, watau Derry, a wata gona da a ke kira Mossbawn, aka haifi Seamus Heaney ran 13 ga Afrilu, 1939. A baki ana faɗin sunan kamar Shemus Hini. Shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Ubansa manomi ne, yana kuma cinikin shanu. Da yaron ya shekara 12 ya ci jarrabawa aka ba shi karatu kyauta a makarantar kwana ta St Columb's a birnin Derry. Daga can ya wuce Jami'ar Queen's ta Belfast, ya gama a 1961, ya shiga aikin koyarwa. A 1966 kamfanin Faber da ke London ya buga littafin waƙoƙinsa mai suna Death of a Naturalist, ma'anarsa mutuwar mai nazarin halittu, watau irin mutumin nan mai bin tsuntsaye da ƙwari da tsirrai yana duba halinsu. Sunan waƙar da mu ke magana a kanta ke nan, ita ta ara wa littafin suna. A 1995 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi, wadda babu ta biyunta ga marubuta. Ya rasu a Dublin ran 30 ga Agusta, 2013.

A ƙasarsu, sa'ad da ya ke yaro, ana noma wata shuka wadda a ke samun zaren lilin daga jikinta. Aikinta kamar na ramarmu ne. In ta isa sai a tuge, a ɗaure dami dami, a nutsar cikin wani kududdufi da aka haƙa don haka, a danne da curin ƙasa ko duwatsu, a bar ta mako ɗaya ko biyu har jikinta ya ruɓe, sa'an nan a iya raba zaren da karan. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin kududdufin da aka jiƙa rama ya san warin, ba sai an kwatanta masa ba. To, a bakin irin wannan ruwa waƙar ta faru.

Kashi biyu ce. A kashin farko, mai ɗango 21, mawaƙin yana tuna yadda ya ke zuwa wurin nan yana yaro. Ruwan yana ruɓa cikin zafin rana, ƙudaje na bin wari, ga malam-buɗe-littafi na shawagi, shi kuwa duk abin daɗi ya ke gani. Abin da ya fi so shi ne ƙwan kwaɗi, mai yauƙi da ɗigo-ɗigon baƙi a ciki. Kowace shekara ya kan cika kwalabe da shi, ya jera a bakin taga a gida, ya kai wasu makaranta, ya zauna yana jira har su ƙyanƙyashe su zama 'yan abubuwan nan masu wutsiya. Malamarsu ta kan ba su labarin uban kwaɗo da uwar kwaɗo da irin muryar da a ke yi wa yara magana, har ta koya musu duba launin kwaɗo a gane ko rana za a yi ko ruwa. A kashi na biyu, mai ɗango 12, wata rana ce mai zafi, ya ji wani irin kuka mai kauri wanda bai taɓa ji ba, ya kutsa ta cikin shinge ya leƙa. Sai ya tarar da manyan kwaɗi sun cika wurin, wuyansu na kumbura yana saɓewa, suna tsalle suna faɗawa cikin taɓo. Zuciyarsa ta tashi, ya juya ya ruga. A ransa ya tabbata ramuwa suka taru su yi, in ya kuskura ya sa hannu cikin ƙwan nan, riƙe shi zai yi. Iyakar labarin ke nan.

Yanzu bari in fara da abokina. Hujjarsa ita ce, babba mai iyali ba shi da lokacin kwaɗi. Ya ce shi da ya shiga ajin manya, ya shiga ne don ya karanta wasiƙarsa da kansa, ya duba rasit kada a cuce shi, ya gane abin da aka rubuta a kwalbar magani. Wannan gaskiya ce, ban kuwa raina ta ba. Wanda aka taɓa dangwala wa yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, shi ya san darajar wannan karatu. Amma wa ya ce iyakarsa ke nan? Mutum ya sha wahalar haƙa rijiya, ya kai ga ruwa, sa'an nan ya ce wankin ƙafa kaɗai zai riƙa yi da shi, sha kuwa sai 'yan makaranta? Haruffan da ke karanta rasit su ne ke karanta waƙa, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Na biyu, ya ce abin da aka yi waƙar a kansa ƙanƙane ne. To, tun yaushe girman waƙa ya koma ga girman abin da aka waƙe? Malam Aliyu Namangi, wanda ya yi Imfiraji, ai ya yi waƙar keke, ba wanda ya ce ya zubar da girmansa. Malam Na'ibi Sulaimanu Wali ya yi Waƙar Damina, ruwan sama ne da tsiro da murnar talikai, yara da manya sun karanta ta a makarantu shekara da shekaru. Kakanninmu kuma da suka so koya mana halin mutane, bakin gizo da ƙoƙi da kura suka sa maganar. Abokina da kansa, in yana yi wa 'ya'yansa faɗa, sai ka ji ya ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Ya yarda a auna ɗan Adam da man kaza, amma bai yarda a auna shi da kwaɗo ba!

Na uku, wanda ya fi duka, waƙar nan ba yaro ya yi ta ba, ba kuma don yara aka yi ta ba. Mutum ne mai shekara ashirin da 'yan kai ya waiwaya yana duban yaron da ya kasance dā. Yaro ɗan shekara goma in an karanta masa ita, labarin kwaɗi kawai zai ji. Sai wanda ya riga ya ƙetare wannan rafi ne zai gane abin da aka rasa a tsallaken. Saboda haka abokina, mai furfura, ya fi ɗan ƙanena cancantar wannan waƙa nesa ba kusa ba. Kayansa ne aka kawo masa har zaure, ya kore shi da dariya.

Sai kuma yaron. Shi ya ce manufar waƙar gushewar ƙuruciya ce. Ban ce ƙarya ya yi ba. Amma wannan magana kamar a tambaye ka labarin Kano ne ka ce gari ne mai ganuwa. Gaskiya ne, amma ba ka shiga ba. Akwai waƙoƙi da yawa na Ingilishi da za a liƙa wa wannan take ya zauna daram. William Wordsworth ya buga wata a 1807, inda ya ke ganin yaro na zuwa duniya da wani haske a idonsa, wanda ke dushewa yayin da ya ke girma. Dylan Thomas, mutumin Wales, ya buga wata a 1945 a kan gonar da ya yi wasa yana yaro, yana baƙin cikin yadda lokaci ya tafi da shi bai sani ba. In amsa ɗaya ta isa duka ukun, to, me ya sa mutum uku suka ɓata tawadarsu? Amsar da ta dace da kowace waƙa ba ta bayyana ko ɗaya ba.

Na sa yaron ya nemo waƙar ya karanta mana da ƙarfi, yana yi yana juya wa abokina da Hausa. Da ya gama na yi masa tambaya uku, ga su, ku ma ku auna.

Ta farko, yaushe ruwan nan ya fara wari? Taƙaitawar da ya haddace ta ce da fari duniya kyakkyawa ce, daga baya ta zama abar ƙyama. Ya koma ya duba, sai ya ga tun ɗangon farko ruwan a ruɓe ya ke. Wari da ƙudaje da yauƙi duk suna nan a kashin da a ke cewa na jin daɗi ne. Kwaɗin ma ba baƙi ba ne, ai su suka zuba ƙwan da ya ke kwasa kowace shekara. Kukan da ya ba shi tsoro kuwa, kukan da mazan kwaɗi ke yi ne na kiran mata, ba su san da wani yaro a bayan shinge ba. Ashe kududdufi bai sāke ba, kwaɗi ba su sāke ba, yaron ne ya sāke. Wanda bai ga wannan ba bai ga waƙar ba, ko da ya ci jarrabawa da lambar yabo.

Ta biyu, me ya sa ya zaci ramuwa suka zo yi? Ai ba a ramuwa sai an yi laifi. Kura in ta biyo ka, tsoro za ka ji, amma ba za ka ce ramuwa ta zo yi ba, sai in ka san ka taɓa 'ya'yanta. Shekara da shekaru yaron nan yana kwashe ƙwan kwaɗi yana zubawa a kwalba, bai taɓa kawowa a ransa cewa 'ya'yan wasu ne ba. Ran nan ya ga iyayen ido da ido, sai abin da hannunsa ya aikata ya faɗo masa. Hausawa kan ce da yaro alƙalami bai hau kansa ba. To, wannan ita ce ranar da yaron ya ji alƙalami ya hau kansa, ba kuwa wani alƙali ya gaya masa ba, zuciyarsa ce. Ƙuruciyar da ta gushe ke nan: zamanin da mutum ke aikata abu bai san yana da nauyi ba.

A nan sai abokina ya yi shiru, ni ma na tuna tawa ranar. Ina da kamar shekara tara, gwani ne ni wajen harbi da danƙo. Wata rana na harbo kurciya daga kan wata bishiya a bayan gari, na gasa, muka cinye da abokaina muna ta murna. Kashegari na hau bishiyar neman wata, sai na iske sheƙa da 'ya'ya biyu, ko gashi ba su gama yi ba, ɗaya ya mutu, tururuwa ta rufe shi, ɗaya yana buɗe baki yana jiran uwar da ke cikina. Ba wanda ya gan ni, ba wanda ya yi mini faɗa. Na sauko jikina na rawa, na kwana uku ina jin kamar duk kurciyoyin garin ni su ke kira da kukansu. Kurciya ba ta sāke kuka ba, kunnena ne ya sāke. Na fi shekara arba'in ban gaya wa kowa wannan ba, sai da waƙar wani Bature ɗan manomi, a kan kwaɗin wata ƙasa mai sanyi, ta tono shi. In wannan wasan yara ne, to, ban san abin da a ke kira aikin manya ba.

Tambaya ta uku, malamar nan gaskiya ta faɗa ko ƙarya? Yaron ya ce gaskiya. Abokina ya ce rabin gaskiya. Abokina ya fi shi daidai. Duk abin da ta faɗa haka ya ke, namiji na kuka, mace na zuba ƙwai. Amma ta wanke labarin tas, ta shafa masa zuma, har ya zama yaron da ya ga abin da idonsa bai gane shi ba. Ta ba shi uba da uwa irin na cikin littafi, ya je ya tarar da halittu masu taɓo da kumburin wuya suna sha'aninsu na haihuwa. Ba wanda ya shirya shi, kuma sa'ad da ya ruga, waƙar ba ta ce ya ruga wurin wani ba.

Nan ne maganar ta zo ƙofar gidanmu, mu iyaye. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma sau nawa yaro ke tambayarmu inda ƙanensa ya fito, ko inda aka kai kakarsa da aka ɗauka a makara, ko abin da ke faruwa da jikinsa sa'ad da ya fara girma, mu kore shi da tsawa ko mu ba shi labarin ƙanzon kurege? Muna cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka, sa'an nan mu juya baya mu bar shi ya taka shi kaɗai. Ranar nan tana zuwa ga kowane yaro, ba makawa, ba kuwa uban da ya isa ya hana ta. Abin da ke hannunmu shi ne, in ta zo, ya san akwai wanda zai ruga wurinsa ya tambaya ba a yi masa dariya ba. Heaney kansa ya gamu da abin da ya fi kwaɗi nauyi. A 1953, yana makarantar kwana, aka aiko a ɗauke shi zuwa gida, mota ta kaɗe ƙaramin ƙanensa ya rasu. Wannan ma ya yi waƙa a kansa, tana cikin littafin nan guda. Mutumin da ya san wannan ba ya rubuta wasa.

Akwai wani abu kuma da mai haddar taƙaitawa ba zai taɓa samu ba, shi ne amon waƙar. Mu mun saba da ƙafiya, watau amsa-amo, har wasu na cewa abin da ba shi da ita ba waƙa ba ne. Wannan ba ta da ƙafiya. Ma'auninta gaɓa goma ne ko kusa da haka a kowane ɗango, tsohon ma'auni ne a Ingilishi. Amma mawaƙin ya zaɓo kalmomi masu nauyi a baki, waɗanda ke kwaikwayon ƙarar abin da su ke nufi, kamar yadda mu ke cewa tsundum, ko caɓal, ko tinjim. Abokina ba ya jin Ingilishi, amma da aka zo kashi na biyu ya ce, "Kai, wannan ai taɓo na ke ji." Ɗangon ƙarshe na kashin farko kuma kalma biyu ce tak, an datse shi, kamar mai ba da labari da aka katse wa numfashi, daga nan sai murya ta juya. Duk wannan na kunne ne. Wanda ya karanta taƙaitawa kamar wanda aka ba labarin kiɗan kalangu ne a takarda.

Haddar abin da wani ya tauna tana da wani haɗari kuma, in ya yi kuskure kai ma ka haɗiye. A kashi na biyu mawaƙin ya yi amfani da kalmomin yaƙi, ya kwatanta zuwan kwaɗin da hari, ya kwatanta su da gurneti. Sai ga shi a takardar da yaron ya haddace an ce wai wannan hoton rikicin Ayalan ta Arewa ne, wanda ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin sulhun 1998. To, a duba shekaru mana. Littafin ya fito a 1966, rikicin nan kuwa sai a 1968 zuwa 1969 ya ɓarke. Lalle akwai tsohuwar gaba a ƙasar tun kafin nan, amma mutum ba ya ba da labarin gobarar da ba ta tashi ba tukuna. In ana neman inda yaro ɗan ƙauye ya san gurneti, ga abin da ya fi kusa: an haife shi shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, ya kuma ga sojan Amurka suna atisaye a filayen da ke kusa da gidansu. Mai karatu da idonsa zai iya auna wannan. Mai hadda kuwa sai abin da aka zuba masa.

Kada a ce na hana duba sharhin malamai. Jarrabawa gaskiya ce, kuma na gaba ya ga abin da na baya bai gani ba. Wanda ba ya jin harshen waƙa ma dole ya nemi mai juya masa. Abin da na ke ƙi shi ne a sa keke gaban doki, a ci gishiri a bar miya. Sharhi bayan karatu ya ke zuwa, don ka gwada abin da ka gani da abin da wani ya gani, in ya fi ka ka ƙaru, in ka fi shi ka riƙe naka.

Saura ƙungiya guda da ban ambata ba, masu karanta irin wannan waƙa su yi ta kukan ƙuruciya, suna cewa dā ma mutum bai girma ba. Su ma ban bi su ba, mawaƙin ma bai bi su ba. Ku dubi sunan waƙar, akwai murmushi a cikinsa, gama ba wanda ya mutu, yaro ne ya ga kwaɗi ya ruga. Abin da ya mutu shi ne mai tara halittu a kwalba yana zaton kayan wasansa ne. Yaron ya gudu, amma mutumin ya komo, ya tsaya a bakin ruwan nan da alƙalami, ya dubi abin da ya kore shi har ya iya faɗinsa dalla dalla. A waƙar da ta buɗe littafin ya kwatanta ubansa da kakansa suna haƙa ƙasa da shebur, ya nuna shi alƙalami ne zai zama abin haƙarsa. Ɗan manomi ne da bai raina gonar ubansa ba don ya yi karatu, bai kuma raina karatu ba don ya fito daga gona. Ku da kuka riƙe fartanya kafin ku riƙe fensir, wa ya fi ku kusa da wannan mutum?

Saboda haka ga shawarata, ko waƙar Hausa ce ko ta wani harshe. Ka karanta ta da ƙarfi sau uku kafin ka tambayi kowa ma'anarta. Ka tambayi kanka wa ke magana, yaro ne ko babba, me ya gani, me ya ji, me ya shaƙa. Ka nemi wurin da murya ta juya, gama nan ne mawaƙi ya binne abin da ya ke nufi. Sa'an nan ka rufe littafin ka tambayi zuciyarka ko ka taɓa tsayawa a irin wannan wuri. Bayan haka ka je ga malamai.

Abokina bai ce na yi gaskiya ba, dattijo ne, ba ya saurin ba da kai. Amma da zai tashi ya tsaya a bakin zaure yana neman takalminsa, ya ce, "Ni tawa ranar, ragon layya ne da na yi kiwo da hannuna." Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Yaron kuwa ya ce zai sāke karanta waƙar da dare.

In damina ta sauka, kududdufin bayan gari zai cika, kwaɗi za su zuba ƙwai kamar yadda suka saba. Ka kama hannun ɗanka ko jikanka ku je ku duba tare. Ku ga ko ƙafafun baya ne ke fara fitowa ko na gaba, ku ga inda wutsiyar ke tafiya. In ya yi tambayar da ta fi wannan nauyi, kada ka kore shi. Hukuncin ƙarar da na kawo kuwa, na bar muku. Allah ya sa karatun da muka samu da wahala ya amfane mu har ƙarshensa, amin.